Ragon da ya ci mana wuri a hanyar ayarin Turawa

Ko ƙwaƙwalwata ta fara zubar da kaya, wannan tafiya ba za ta zube ba. Ni ban shiga aji ba, jikata ce ke rubutawa, amma labarin daga bakina yake fita.

Kakana madugu ne, shi ke jan ayarin fatake daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, ni kuma a zangon Kumasi aka haife ni. Tun da 'yata ta kawo ni unguwar Bronx a ƙasar Turawa nake cika mata kunne da labarinsa. Wata rana ta dawo daga aikinta na jinyar tsofaffi, ta ce ashe Turawan ƙasar nan ma sun yi ayari, da shanu da kekunan katako, suna keta daji zuwa yamma, kuma har yau sawun kekunan yana nan a kan dutse. Na ce sai na gani da idona kafin gwiwoyina su gama ƙi na.

Ta ɗauki hutu. Ta ce ana biyan kuɗin shiga, kuma keken dokin da ke kai mutane wurin sawun sai an kama wuri tun da wuri. Ta kama mana Talata. Na yi dariya, na ce a zangon kakana wa ya taɓa aiko da saƙo kafin ya sauka?

Jirgi ya sauke mu a garin da ɗan ƙawata yake zaune. Gaisuwa kawai muka shiga, ashe yaron ya je gona ya sa an yanka mana rago. 'Yata sai zungura ta take yi. "Mma, gobe fa Talata." Na ce wadda aka yanka wa rago ba ta tashi ta bar nama a wuta. Har gobe ban ga laifina ba.

Laraba muka isa. Matar da ke karɓar baƙi ta ba mu haƙuri, ta ce wurinmu ya wuce jiya, keken kuma a cike yake har mako mai zuwa. Hutun 'yata ya kusa ƙarewa, ƙafata ba za ta kai ni ba. Na zauna a benci na rafka tagumi.

Wani tsohon Bature mai faffaɗar hula ya tambayi 'yata me ya sami tsohuwa. Ta gaya masa har labarin kakana. Ya cire hular, ya ce kakar kakansa ta bi hanyar nan a ƙasa, ta binne ɗanta a gefenta. Ya je ya yi magana da matar, ya dawo ya ce, "Ni na sha gani. Mahaifiyarki ta hau wurina."

Matarsa ce ta zauna kusa da ni a keken, ba ma jin yaren juna, ita ta riƙe ni na sauka. Sawun ya ci dutse har ƙuguna. Na shafa shi, na tuna kakana da jakunansa, na yi masa addu'a, hawaye na zuba.

Da muka dawo na kwance goron da na sayo a unguwar Harlem na miƙa wa tsohon. Ya gatsa, fuskarsa ta yamutse, amma ya daure ya haɗiye.

Abin da na koya, jikokin matafiya suna gane juna ko ba yare. Kuma yanzu in 'yata ta ce ta kama wuri, nakan ce wa masu masauki su jira da ragonsu sai mun dawo.