Ƙusa Ɗaya a Barandar Akonta Iddi

Ku da kuka san Malam Iddirisu kun san ba ya shiga wuri ya zauna kamar kowa. Sai ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya ƙwanƙwasa tebur, ya ƙwanƙwasa hannun kujera, ya karkata kai yana saurare. In sautin bai yi masa ba, sai ya taɓe baki ya ce, "Biskit ne." Ya faɗa a ofishin likita, ya faɗa a gidan biki. Ko mumbarin masallacinmu bai tsira ba. Liman na tsaye a gefe ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya ce, "Allah gafarta Malam, ka riƙa hawa da bismillah biyu."

Ni ne Salisu, ƙanin matarsa, Yaya Memuna. Akonta nake kiransa, yadda muke kiran mijin 'yar'uwa a Kumasi, kuma tsakanina da shi ba a rasa tsiya. Shekara ashirin da 'yan kai yana tuƙa tasi a New York, amma ka kuskura ka ce masa direba, ranar ba za ku rabu lafiya ba. Shi kafinta ne, in ji shi, a Zangon Kumasi ya koya. Ni kuwa tunda ya zo ƙasar nan ban taɓa ganin ya haɗa ko kujerar tsugunno ba, don haka na raɗa masa suna Kafintan Baki.

Lokacin da tasin da ake kira ta waya suka fara kashe wa masu yalon tasi irin su Akonta kasuwa, lokacin ne Yaya ta samu shanyewar ɓarin jiki. Sun riga sun bar Concourse Village sun koma wani ɗan gida can saman Bronx, mai matakala uku na siminti a gaba, babu inuwa babu wurin zama. Matar da ta yi ƙuruciyarta tana sayar da koko a ƙofar gida a Kumasi, ta san kowa kowa ya san ta, sai ga ta a kan keken marasa lafiya bayan labule tana kallon titi. Ta rame, magana ta ragu. Wata rana na rufe shagona na turare a titin 125th na leƙa ta, ta ce mini, "Salisu, yau kwana tara ba wanda ya ce mini sannu da hutawa, in ba ku ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tare Akonta a falo na ce bayan babbar sallah zan mayar da 'yar'uwata gida.

Ya ce, "Me ke Kumasi da babu a nan?"

Na ce, "Ƙofar gida. Mutane masu wucewa suna gaisuwa."

"Ƙofar gida kawai? Ba ni lokaci zuwa sallah."

Na yi dariya. Shi bai yi ba. Shekara arba'in ke nan suna tare, kuma ya san in ta hau jirgi shi ba zai iya binta ba, ga aiki ga yara a makaranta. Yaya ce ta raba gardamar daga ɗaki. Ta ce, "In ya yi mini wurin zama, na zauna. In bai yi ba, Salisu, ka zo da akwati."

To, a ƙasar nan ko rumfar kaji ba ka kafawa sai da zane da famit, wato izinin hukuma. Ina Akonta zai samu mai zanen gini? A cikin fasinjojinsa! Ya ɗauko wata Baturiya daga Canal Street, kafin su kai Harlem ya cika mata kunne da labarin katako, ashe zanen gini ne aikinta. Ranar Asabar sai ga ta da tef da kwamfuta. Ta miƙa masa bakin tef ya riƙe mata, ya noƙe hannu. Shi da kamu da taƙi yake awo. Ya kwantar da hannunsa a ƙasa daga gwiwar hannu zuwa yatsa, ya ɗaga, ya sake kwantarwa, yana ƙirgawa da Hausa. Faɗi kamu goma sha biyu, zurfi kamu shida, ga gangare ta gefe don keke ya sauka ba gargada.

Matar ta ce ofis ba su san kamu ba, inci suka sani.

Ya ce, "Inci hannun wa ne? Ni na san mai wannan hannun."

Ta dube shi, ta dube ni, sai kawai ta kama hannun nasa ta ɗora tef a kai. Har yau zanen yana nan cikin firam a falo, a ƙasan kusurwa an rubuta inci nawa ne kamu ɗaya na Mista Iddi. Duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa.

Rigimar da suka yi ta gaske a kan ƙarfe ce. Akonta ya rantse ba ƙusa ko ɗaya da za ta shiga aikinsa. A fafe rami a wannan katako, a fiƙe kan wancan, a zura, a soke su da tsinken itace, shi ke nan. Matar ta yarda da wannan, amma ta ce dole gindin kowane ginshiƙi ya zauna cikin mazaunin ƙarfe da aka ɗaure da siminti, in ba haka ba babu famit. Kwana uku yana kumbure-kumbure. A na huɗu ya kira ni a waya da murna.

"Salisu, na duba abin nan. Ba ƙusa ba ne koraa, ko kaɗan. Takalmi ne. Ko ni ai ina sa takalmi."

Katakon shagunan kayan gini kuwa, kun san abin da ya kira shi. Tafiyar awa uku ya yi da ni zuwa wani wurin yankan katako a ƙauye, wai itacen oak yake so, kuma ɗanye. Ya bi gungume-gungume ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, mai wurin na biye da shi baki buɗe. Da ya kai kan wanda ya yi masa, sai ya rufe ido ya ce, "Ka ji? Ƙanin odum ne wannan." Odum shi ne itacen da suke taƙama da shi a Kumasi. Ni dai ban ji komai ba sai yunwa.

Wata uku yana fita aiki da asuba, ya dawo da azahar ya shige bayan gida da zarto da guduma. A nan bakina ya fara mutuwa. Na ga yadda yake fafe rami, ya hura ƙura, ya zura ɗayan katakon ya shige daram, ko takarda ba za ta ratsa ba. Ban faɗa masa ba, amma daga ranar na daina ce masa Kafintan Baki.

Saura ɗagawa, ga ginshiƙi ɗaya sai ƙato huɗu. Sai ya tashi a masallaci ranar Juma'a ya ce yana gayyatar jama'a walima a gidansa. Muka ɗunguma cikin shadda da turare. Muna isa muka tarar da tukunyar wake da shinkafa a rufe, ya ɗora dutse a kan murfin, ga katakai jere a ƙasa kowanne da lambarsa.

Wani Alhaji ɗan Nijar ya ce, "Malam Iddi, walimar mece ce wai?"

Ya ce, "Ta gama baranda."

"To ina barandar?"

"Ga ta nan kwance. Ku tashe ta mu ci abinci."

Wallahi haka manyan mutane suka naɗe hannun riga. Yana tsaye yana ba da umarni, yana buga tsinken itace da guduma, kafin la'asar abu ya miƙe tsaye. Masu wucewa suka tsaya suna ɗauka a waya. Alhajin ya ci faranti uku don huce haushi.

Yanzu ga nawa laifin, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce. Da zafi ya tsananta, ɗanyen itacen ya fara bushewa. Ina tsaye ƙarƙashinsa wata rana na ji ƙas! Na daka tsalle har titi. Na duba, ga tsaga a jikin ginshiƙi. Akonta ko a jikinsa, wai itacen gyara zama yake yi, yana bushewa yana ƙara damƙe ɗan'uwansa. Ni kuwa na ce 'yar'uwata ba za ta zauna ƙarƙashin abin da ke gyara zama ba. Na bari sai da ya kai ta asibiti gashin ƙashi da rana, na zo da ƙusa mai inci shida, na hau kujera na hau bugu a mahaɗar ginshiƙin da ke kusa da ƙofa. Ta shiga rabi ta lanƙwashe. Na ja, ta ƙi fita. Na tattara gudumata na gudu.

Ashe itacen nan ba ya shiri da irin wannan ƙarfe. Aka yi ruwa kwana biyu, sai ga baƙin layi ya zubo daga ƙusar kamar an ɗiga tawada. Waya ta yi ƙara.

"Salisu, zo. Itace ya kawo ƙararka."

Na je ina rantse-rantse. Ya ce, "Kar ka ƙara wa kanka zunubi. Duk Bronx ba mai lanƙwasa ƙusa haka sai mai sayar da turare." Na ce to a cire. Ya ce a'a, a bar ta, ya samu wurin rataye hula.

Ana saura kwana biyar sallah, insifeton gini ya zo. Ya tura ginshiƙi da kafaɗa, ya kama katakon sama ya yi lilo, ko motsi. Ya duba takalman ƙarfe, ya duba zane, ya gyaɗa kai. Sai idonsa ya kai kan ƙusar, ya tambaya ko tana riƙe da wani abu ne.

Akonta ya ce, "Hula kawai. Wani mai ƙarancin imani ne ya ba mu gudummawa." Ina tsaye a wurin, jama'a! Mutumin ya sa hannu, sannan ya roƙi a ɗauke shi hoto a gaban barandar.

Washegari da hantsi Akonta ya turo keken Yaya ya ajiye ta tsakanin ginshiƙai biyu, ya zauna a bencin da ya yi wa kansa a gefenta. Mai raba wasiƙu ne ya fara gaishe ta. Sai tsohuwar maƙwabciya 'yar Jamaika ta tsallako da kofin shayinta. Kafin wata ya ƙare, direbobinmu sun mai da layin hanyarsu, a danna ham a ce, "Hajiya, sannu da hutawa!" Yaran 'yan Dominika ma suka iya "Sannu Mama." Muryarta ta dawo, har faɗa ta koma yi mini. Sallah ta zo ta wuce, ban ƙara ambaton akwati ba. Kuma duk wanda ya shigo shagona sai na nuna masa hoton barandar, na ce mijin yayata ne ya yi, da hannunsa, ba ƙusa. Ɗayar dai ba na ambatonta.

Shekara huɗu suka yi suna zama a wurin, shi da ita. Ranar da zuciyarsa ta tsaya, a barandar nan aka karɓi gaisuwa, ana ruwa amma ba wanda ya jiƙe. Da Yaya ta fita takaba na je na same ta a inda ta saba, hularsa na rataye a ƙusata. Na durƙusa na ce, "Yaya, yanzu kam ko mu tafi gida?"

Ta ɗaga hannunta mai lafiya, ta lanƙwasa yatsa, ta ƙwanƙwasa ginshiƙin da ke gefenta, ta karkata kai tana saurare. Sannan ta ce, "Ka ji? Ina za ni in bar wannan?"

A wannan karon na ji.

Allah Ya jiƙan Akonta Iddi, Ya yafe masa, Ya yafe mini ƙusata. Yadda ya yi wa 'yar'uwata inuwa a ƙasar da ba tamu ba, Allah Ya sa shi a inuwar rahamarSa, Ya ba shi gida a Aljanna wanda in ya ƙwanƙwasa zai yi murmushi. Amin.