Tafiyar Malesiya Da Idon Hajiya

Ka taɓa ɓoye wa naka wani abu don tsoron bakin mutane?

To, tsaya ka ji wannan.

Wata rana wata baiwar Allah a Kaduna, Mardiyya, ta ƙudura a ranta cewa wannan dogon hutun sai ta kai 'ya'yanta Malesiya, zuwa wani katafaren wurin wasan yara da suka daɗe suna gani a waya.

Jama'a, matar nan ta iya shiri!

Ta nemo masauki kusa da wurin. Ta bincika inda ake sayar da abincin halal. Har masallacin da ke cikin filin wasan ta gano inda yake, don kada lilo ya sa a rasa Azahar.

Da ta ji akwai wasannin da ba a barin gajeren yaro ya hau, sai ta jingina ƙaramar 'yarta Walida da bango ta auna ta. Walida kuwa har da ɗage dunduniya.

Mijinta Nafi'u ya nemi hutu a wurin aiki. Fasfo ya fito. Saura kawai a biya tikitin jirgi ranar Litinin, irin mai sauƙin nan wanda in ka biya, ba fasawa ba canjin rana.

Doka ɗaya Mardiyya ta kafa a gidan: kada wanda ya ji.

Ta ce wa yaran, "Tafiya ba a yayata ta. Baki mugun abu ne. Ko Hajiya, sai ana jibi za mu tashi za mu je mu yi mata sallama."

Hajiya ita ce mahaifiyar Nafi'u, kuma shi kaɗai ne ɗanta namiji. Sunanta aka sa wa yarinyar, shi ya sa ake ce mata Walida.

Nafi'u ya ce to.

Ranar Asabar suka je gaida Hajiya a Tudun Wada. Nafi'u ya fita gaisawa da maƙwabta, Mardiyya ta shiga kicin ɗumama miya.

Tana can sai ta jiyo muryar Walida daga tsakar gida.

"Hajiya, riƙe kujerar da kyau! Yanzu za mu hau sama, sai mu juye, kanmu a ƙasa!"

"Ke takwara, rufa min asiri. Ni da ko babur ba na hawa? Ina kika samo wannan hauka?"

"A Malesiya mana! Ana yin hutu za mu tafi, har da Abba. Amma Mama ta ce kada a faɗa wa kowa."

Ludayi ya kusa suɓucewa daga hannun Mardiyya.

Ta tsaya tana jiran faɗa.

Can sai ta ji Hajiya ta ce a hankali, "Ana yin hutu? To... Allah ya kiyaye hanya."

Wannan "to" ɗin ne ya tsaya wa Mardiyya a rai. Da faɗa Hajiya ta yi, da ya fi mata sauƙi.

Ta kora yaran waje, ta zo ta durƙusa gefen tabarma.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Wallahi ba raini ba ne. Baki na ji tsoro."

Hajiya ta yi 'yar dariya. Fuskarta na kallon Mardiyya, amma idon ya ɗan kauce gefe, kamar mai neman inda muryar take.

"Tashi, 'yar nan. Me zan ce miki? Ke kin ɓoye naki, ni ma na ɓoye nawa."

"Naki kuma, Hajiya?"

"Idon nan na hagu ya rufe tun bayan Sallah. Na daman ma hazo-hazo yake. Yanar ido ce, likita ya ce aiki za a yi. Na roƙe shi ya sa min makon farko na hutu, don na san lokacin yaron nan yake samun sarari."

Yaron nan, wato Nafi'u. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

Mardiyya ta ɗago ta dube ta.

"Me ya sa ba ki faɗa mana ba?"

"Kada in tayar muku da hankali tun da wuri. Na ce sai ana jibi." Ta gyara mayafinta. "Yanzu kuwa da takwarata ta yi muku tonon silili, har na yanke shawara. Ku je abinku. Ido ai yana nan, sai kun dawo."

Ku duba fa.

Da an biya tikitin nan, tsohuwar nan shiru za ta yi. Ta yi musu addu'a, ta ɗaga musu hannu a ƙofar gida alhali ko fuskokinsu ba ta gani sosai. Su suna can suna ihu a kan lilo, ita tana nan tana lalube a ɗaki, ɗaya idon ma yana tafiya.

Kuma babu mugu a cikinsu. Kowa kare ɗan'uwansa yake ganin yana yi.

Da Nafi'u ya shigo ya ji, zama ya yi a ƙasa ya dafe kai. Ba abin da yake maimaitawa sai, "Alhamdulillahi da ba mu biya ba. Alhamdulillahi."

A nan take aka ɗaga tafiya zuwa hutun Disamba.

Kada ku ce abin ya zo da sauƙi. Walida ta yi kuka har da birgima, ta ce ita ta daina faɗa wa Hajiya komai. Yayanta Junaidu ya yi kwana biyu yana cin magani.

Aka yi aiki lafiya. Nafi'u ne ya riƙe hannun mahaifiyarsa har ƙofar ɗakin tiyata, shi ya dawo da ita gida.

Ranar da aka cire bandeji, duk suna tsaye cirko-cirko. Hajiya ta ƙifta ido, ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, sai ta tsaya a kan Walida.

"Ke takwara! Yaushe ɓera ya kwashe miki haƙoran gaba ban sani ba?"

Ɗakin ya kaure da dariya. Mardiyya kuwa tana dariyar, hawaye na zuba.

Darasi:

Sirri yana da kyau, ban ce ka hau Facebook kana shelar tafiyarka ba. Amma ka ware mutanen da ba "mutane" ba ne. Uwarka ba ta cikin waɗanda ake ɓoye wa.

Kuma iyayenmu gwanayen haɗiye ciwo ne. "Lafiya lau" ɗinsu ba kullum take nufin lafiya lau ba.

Kafin ka sa ranar kowace tafiya, je ka zauna gaban tsohuwarka ko tsohonka, ka faɗa musu, sannan ka tambaye su: "Ku fa, akwai abin da kuka sa a gaba?"

Yau ɗin nan ka kira su. In ka gama, tura wannan labarin ga ɗan'uwanka da ke shirin hutu, tun bai biya tikiti ba.