Shinkafar da Aka Tsince wa Baƙi

Baba Gaji manomin shinkafa ne a Katuzu, kusa da Gashuwa. Yana da fadama a bakin kogi wadda ya gada daga mahaifinsa, da keke, da rediyon da ba ya kama tasha sai an dafa shi da hannu. A ƙuruciyarsa ya yi kamun kifi, ya yi dako a tashar jirgin ƙasa ta Nguru, da jirgi ya rage zuwa sai ya dawo gida ya zauna. Ni maƙwabcinsa ne, kuma daga bakinsa da na matarsa Yagana na ji abin da zan faɗa.

Abin da aka fi saninsa da shi shi ne bai taɓa ɓata wa baƙo rai ba. An taɓa yin wani baƙo da ya tashi tafiya ya saka takalman Baba Gaji bisa kuskure. Baba Gaji ya gani, ya zura na baƙon, waɗanda suka yi masa kaɗan, ya raka shi har bakin mota yana ɗingishi.

Wata shekara bayan girbi, mota ta tsaya a ƙofar gidansa. Malama ce daga sashen koyar da injiniyoyi na wata jami'a, tafiyar rabin yini daga wurinmu, sunanta Injiniya Sadiya. Tana tare da ɗalibinta Taufiq, wanda ke shekarar ƙarshe. Sun ƙera ƙaramin injin casar shinkafa mai aiki da hasken rana, don mata su huta da ɗaukar buhu zuwa Gashuwa. Suna neman manomin da zai gwada shi. Malamin gona ne ya ba su sunan Baba Gaji, ya ce mutum ne mai sauƙin kai.

Tsarin mai sauƙi ne. Za su bar injin, shi kuma ya riƙa casa da shi. Lokaci zuwa lokaci za su zo su karɓi kwano ɗaya na abin da ya fito, su kai makaranta, su ware lafiyayyun ƙwayoyi daga karyayyu, su auna. Da wannan awo Taufiq zai rubuta aikin kammala karatunsa.

Injin yana da kyau, an shafa masa koren fenti. Yana cire ɓuntu tas. Sai dai kusan rabin shinkafar yana fito da ita a karye.

Yagana ce ke turara shinkafar gidan, tana kai wa wani ɗan kasuwa a Nguru. Da ta kai buhun farko, mutumin ya zura hannu, ya ɗago, ya ce, "Hajiya, kaji kika fara kiwo?" Ta dawo da buhunta. Daga ranar gidan Baba Gaji suka koma tuwon shinkafa safe da yamma.

Ana gobe baƙi za su zo, Baba Gaji ya ɗauko faifai biyu, ya miƙa wa Yagana ɗaya.

"Na mene ne?" ta ce.

"Tsinta za mu yi. Ba a ba baƙo tsaki."

"Malam, ka gaya musu gaskiya mana."

"Yarinya ta taso tun daga can, cikin rana, ta kawo mini abu har gida. In ce mata me?"

"Ka ce yana karya shinkafa."

"A zaurena?"

Yagana ta karɓi faifan. Ita ma dai ba ta taɓa zuba wa baƙo ƙasan tukunya ba. Suka zauna a inuwar darbejiya suna tsince ƙwaya ɗaya bayan ɗaya har kwano ya cika.

Washegari Injiniya Sadiya ta zo, aka gaisa, aka sha ruwa.

"Baba, yaya injin?"

"Alhamdu lillahi. Yana ƙoƙari."

"Babu wata matsala?"

"Ƙararsa ma ba ta da yawa."

Wannan gaskiya ne. Baba Gaji ba ya ƙarya, zaɓen gaskiyar da zai faɗa kawai yake yi.

A makaranta aka auna kwanon, aka rasa karyayya ko ta rantsuwa. Abin ya dami Injiniya Sadiya, domin a ɗakin gwajinsu injin bai taɓa yin haka ba. Ta sa aka sake awo. Ta turo Taufiq da na'ura ya auna laimar iskar Katuzu. Suka ɗauki irin shinkafar fadamar, suka ɗauki ƙasa, har ruwan da Yagana ke turara da shi sun zuba a kwalba. A zuwa na uku ta dubi Baba Gaji sosai ta ce, "Baba, wannan daga injin nan ta fito kuwa?"

"Daga cikinsa ta fito, 'yata."

Haka aka yi ta yi har damina ta kusa ƙarewa. Sai malamar ta zo da albishir: tunda gwaji ya yi kyau, makaranta za ta ƙera wasu, a raba wa ƙungiyar mata masu turara shinkafa a Katuzu da Dagona kafin sabuwar shinkafa ta shigo. Mai unguwa ya yi godiya, ya ce tunda Baba Gaji ya shaida, magana ta ƙare.

Cikin matan akwai Meram, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara. Shinkafar kaka ita ce abincinsu da suturarsu na shekara. Tuni ta sallami mai a-kori-kurar da ke kai mata kaya Gashuwa.

Yagana ta ce, "Mu mun ci tuwo mun yi shiru. Meram fa? In injin nan ya niƙe mata shekararta, da bakinka aka niƙe ta."

Baba Gaji ya yi kwanaki yana juya maganar. In ya gaya wa mata a ɓoye, ya ci naman baƙuwarsa. In ya jira ta zo, ya san bakinsa ba zai buɗe a zaurensa ba. Wata safiya yana gyara sarƙar keke sai ya tsaya, ya ƙwala wa Yagana kira.

"A nan ita ce baƙuwa," ya ce. "In na je wurinta fa?"

"Kai ne baƙo."

"Baƙo kuma ba ya zuwa hannu rabbana."

Ya cika rabin buhu da shinkafa yadda injin ya fito da ita, ba tsinta ba shiƙa. Ya saka babbar rigarsa ta Juma'a, ya hau mota a Gashuwa.

Ya ce mini bai taɓa ganin wuri irin makarantar nan ba. Wani dogon ɗaki ne mai rufin kwano, samari da 'yan mata sanye da shuɗin kaya, wasu na walda, wasu na yankan ƙarfe, wani malami na zane a allo ana kallonsa kamar mai duba. A gefe ya hango injuna irin nasa a jere, ba a shafa musu fenti ba tukuna.

Injiniya Sadiya ta tashi da sauri, ta ba shi kujera, ta sa aka kawo lemo mai sanyi. Ya sha, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya. Sannan ya jawo buhun.

"Ga tsaraba, babu yawa."

Ta kwance bakin buhun, ta ɗebo a tafin hannu. Ta daɗe tana kallo.

"Baba, wannan fa?"

"Aikin injin ne."

"Wadda kake ba mu fa?"

"Ita ma aikinsa ce. Sai dai mun ɗan taimaka masa da faifai."

Taufiq ya nemi wuri ya zauna a kan wata tsohuwar taya.

"Taufiq," in ji malamar, "babi na huɗu na aikinka ya tafi."

"Da na biyar, Malama," ya ce.

Baba Gaji ya fara ba da haƙuri, ta ɗaga hannu.

"Baba, injin da ke karya shinkafa mun san abin da za mu yi masa, shi muke koyarwa. Wanda ba ya karyawa ne ya kusa haukata mu. Har ruwanku mun auna."

"Ruwan yana da kyau?"

"Lafiyarsa ƙalau."

Ta kira ɗalibanta, ta zazzage buhun a kan tebur, ta ce darasin yau ke nan. Baba Gaji na zaune da kwalbar lemonsa ta gaya musu cewa laifin na tsarinta ne: ta bar wa mai gida ɗibar samfuri, kuma ba ta taɓa tsayawa ta ga ana casa ba. Ta ce a dakatar da ƙera sauran. Daga baya suka gano dalilin. Shinkafar da ta sha ranar Gashuwa ta fi wadda suke gwaji da ita bushewa, robobin da ke murza ta kuma sun matse da yawa. Suka yi wa injin wani maɗauri da ake sassautawa da hannu. Taufiq ya sake aikinsa daga tushe, ya fita bayan abokansa da zango guda.

A waccan kakar mata ba su samu inji ba. Meram ta koma ta roƙi mai a-kori-kura, ya ja mata rai kafin ya yarda, ta kai shinkafarta Gashuwa ta dawo da ita lafiya. Ta ji cewa Baba Gaji ne ya je har makaranta ya hana, don haka ta daina gaishe shi. Shi bai yi mata bayani ba, domin bayanin zai taɓa mutuncin injin baƙuwarsa.

Da shekara ta zagayo aka kawo gyararren injin don a sake gwaji. Baba Gaji ya tari motar tun a bakin hanya, kafin kowa ya shiga zaurensa, ya roƙi alfarma a ajiye shi a gidan Meram.

"Me ya sa, Baba?"

"Ita tana iya magana."

Aka sauke shi a can. Kafin motar ta kai Gashuwa, Meram ta kira Injiniya Sadiya a waya ta gaya mata cewa bakin zubawa ya yi tsayi, mace ba za ta ɗaga kwarya har can ba, kuma wa ya ce musu kore ne launin da ake so.