Furen da Magdalina Ta Ajiye a Kan Rediyo

A Tudun Fulani, ko bikin coci ne ko suna a gidan maƙwabta, Magdalina ake kira ta tsaya kan tukunya. Daga Kafanchan ta biyo mijinta, ma'aikacin jirgin ƙasa, zuwa Minna. Shekara ashirin da ɗoriya tana yi wa mutane girki, ba ta taɓa tambayar kowa yadda ake dafa abu ba. Takan ce hancinta da harshenta sun ishe ta, kuma da wannan take taƙama.

To, a 1984 ɗanta Irimiya ya samo yarinya, Christiana, 'yar masu lambu a Vom. Iyayenta suka shiga aiko da kwalin kayan lambu duk mako biyu ta hannun wani direba, Ndakotsu. Karas, kabeji, koren wake, duk Magdalina ta san su. Ran nan, dab da Kirsimeti, ta buɗe kwali ta tarar da wani dunƙulallen fure cikin manyan ganye, launinsa kamar an tsoma shi a zoɓo. Farin kabeji ne, irin mai launin nan da sai lokacin sanyi yake yi, amma ita ba ta taɓa ganin ko farin ba. Ga shi direba ya ce Sara, uwar yarinyar, tana tafe jibi.

Maƙwabciyarta Safiyatu ta ba ta shawara ta je ta tambayi kukun gidan saukar baƙi. Magdalina ta ce ko kusa, ita da ake tambaya. Ta zauna ta yi nazari: alayyafo in ya yi fure ya tsufa, rama ma haka, ganye ake ci. Fure kuwa na ado ne.

Sai ta yayyanka ganyen, ta yi miya da gyaɗa da daddawa da busasshen kifi. Furen ta ɗora shi a kwanon tangaran, ta kai falo ta ajiye kan rediyo.

Sara ta zo, aka gaisa, aka kawo tuwon shinkafa. Tana ci tana satar kallon rediyo, Magdalina na lura. Da Sara ta suɗe kwano, sai ta tambaya wane ganye ne wannan, yaya kuma aka haɗa shi. Magdalina ta ce ai ganyen furen da ta aiko ne.

Sara ta riƙe baki. "Maman Irimiya, mu zomaye muke ba wa wannan ganye. Ashe shekara goma miya nake zubarwa."

Nan Magdalina ta gane abin da ake ci shi ne ke zaune kan rediyonta. Da ta so, da ta ce ajiye shi ta yi sai gobe. Sai ta tashi ta ɗauko kwanon.

"Maman Christiana, shi kuma yaya ake dafa shi?"

Suka fita kicin tare. Ruwa kaɗan, ɗan gishiri, a matsa lemun tsami kada launin ya dushe, a sauke tun da sauran ƙarfinsa. Safiyatu na bakin ƙofa, duk a kunnenta.

Har Magdalina ta yi jikoki Safiyatu ba ta daina tuna mata ranar da ta yi tambaya ba. Ita kuwa amsarta ɗaya ce: Sara ce ta fara.