Gwadabe da Tarwaɗar Sudan

Duk wanda ya zauna a Haɗejiya a ƙarshen zamanin Turawa ya san Gwadabe na ma'aikatar ayyuka ta En'e, dogon nan mai wushirya, wanda in dariya ta kama shi sai ya dafa kafaɗar na kusa don kada ya faɗi. Mahaifinsa, Malam Shu'ibu, lambun albasa gare shi a bakin kogi, saboda haka Gwadabe ya iya iyo da kamun kifi da hannu tun bai kai izu biyar ba. Aka ɗauke shi boko, ya yi elemantare, ya wuce Midil ta Kano, daga nan En'e ta tura shi Kaduna koyon aikin injinan ruwa.

A shekararsa ta biyu can, cikin 1954, shugaban makarantar ya kira shi ofis, ya ce an zaɓe shi ya tafi ƙasar Sudan na wata huɗu, ya koyo yadda ake ban ruwa a manyan gonakin auduga.

"Ranka ya daɗe, ni?"

Aka ce shi ɗin dai. Ya fito ya manta hularsa a kan benci, ya koma ya ɗauko, ya sake fitowa ya manta takardar.

Ko da ya zo gida sallama, labari ya riga shi isowa. Mahaifiyarsa, Iya, da ta ji gabas za shi, sai ta ce ai Makka ke nan.

"Iya, ba Makka ba ce, Sudan ce."

"To ba hanya ɗaya ba ce? In ka sami sarari ka leƙa."

Ta cika masa gwangwani da daddawa, ta tusa a ƙasan akwati, duk da ya rantse mata can ma ana cin abinci.

Lori ta kai shi Malam Madori, jirgin ƙasa ya kai shi Kano, a nan ya hau jirgin sama. Da jirgin ya ɗaga sai ya runtse ido. Ya ƙanƙame kujera yana salati. Can ya yi ƙarfin hali ya leƙa taga, ya ga birnin Kano duka bai fi faifai ba, sai dariya ta kece masa, har Baturen da ke kusa da shi ya ɗan matsa.

Daga Hartum aka wuce da shi Wad Madani, inda makarantar take. Ya zo da Larabcin da ya koya a zauren malaminsa, yana ji da shi ƙwarai. Ranar farko ya shiga kasuwa ya tambayi mai burodi da wannan Larabcin na littafi, yana jan kowane wasali. Mai burodin ya ɗaga hannuwa ya ce amin, ya zaci addu'a ake yi masa. 'Yan ajinsa su goma sha ɗaya suka yi mako suna kwaikwayonsa, shi kuwa ya fi kowa dariya.

Amma abin da ya fi ɗauke masa hankali ruwan ne. A gida kogi ke yin yadda ya ga dama: ya zo da damina ya cinye gona, ya janye da rani ya bar mutane da jan jigo. Nan kuwa magudanai ne miƙe samɓal kamar an ja su da zare, tafiyar yini ba lanƙwasa. Mutum guda ke murza wani ƙarfe mai kama da sitiyari, ƙofa ta ɗaga, ruwa ya bi inda aka ce masa. Ranar da aka fara ba Gwadabe ya murza, sau uku yana buɗewa yana rufewa, sai da malaminsu, wani tsohon injiniya da ɗalibai ke kira Usta, ya riƙe masa hannu. Yakan cika littafinsa da zane har bangon baya, yana tafe yana lissafin gangaren ƙasa a kan tafin hannu.

A wata na uku aka kai su wani gidan inji a bakin kogi. Injin yana ta ruri, amma ruwan da ke fitowa bai fi na buta ba. Usta ya harɗe hannu ya ce su nemo dalili. Wasu suka duba bel, wasu mai, wasu suka ɗauko sifana za su kwance murfi. Gwadabe ya bi babban bututun da ke zuƙo ruwa, ya manna kunnensa. Can ciki ya ji ɓat, ɓat, ya ɗan tsaya, ya sake. Ya san wannan ƙarar. Ita yake ji a gindin kwalekwale tun yana ƙarami.

"Usta, a kashe injin!"

Aka kashe. Kafin a tambaye shi ya tuɓe riga ya faɗa ruwa. Ashe ragar da ke bakin bututun ce ta yage, wata ƙatuwar tarwaɗa ta shige ta maƙale. Ya lalubo ta, ya zura yatsu a kunnenta, suka yi ta kokawa, ya fito ya shaƙi iska ya koma. A nutso na uku ya taso rungume da ita, tsawonta ya kai hannunsa tun daga kafaɗa. Gidan inji ya ɗauki ihu. Usta ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, sannan ya ce kifin na Gwadabe ne, gyaran raga ma nasa ne, da zanen sabuwa kafin jibi.

Da la'asar ya ɗaura kifin a bayan keke, ya nufi wani ƙauyen masu aikin auduga ko zai sami mai dafa masa. Kifi sai sulɓewa yake, har ya faɗo kusa da wata bishiya. Gwadabe ya sauka yana cewa, "Ke, zauna mana, 'yar banza!"

Wata tsohuwa mai tallan gyaɗa a gindin bishiyar ta ɗago kai.

"Kai ɗan nan, maimaita. Daga wane gari?"

Gwadabe ya saki keken ya faɗi. "Inna, Hausa kuke ji? Daga Haɗejiya nake."

Tsohuwar ta miƙe, gyaɗa ta watse. "Haɗejiya! Wushe, wushe, sannu da zuwa! Ni 'yar Guri ce!"

Sunanta Mairam. Shekara talatin ke nan da ita da mijinta suka taso a ƙafa za su hajji. Sun sauke farali, a hanyar dawowa suka tsaya aikin auduga na kaka ɗaya, kaka ɗayan nan ce har yau. Mijin ya rasu, ga 'ya'ya ga jikoki. Akwai Hausawa da yawa a ƙauyen, amma ba ta taɓa gamuwa da wanda ya sha ruwan koginsu ba. Ta riƙe hannunsa tana jero tambayoyi, ba ta jiran amsa. Ta ce za ta dafa kifin, sai dai miya ba za ta yi daɗin gida ba, don daddawar nan ba ta da rai. Gwadabe ya ɗau keke ya yi makaranta a guje, ya dawo da gwangwanin Iya. Da Mairam ta buɗe ta shinshina sai ta yi guɗa, jikokin suka fito suna kallon kakarsu tana taka rawa da ludayi a hannu.

Tun daga ranar duk Juma'a can yake cin abinci. Da zai tafi ta ba shi kwalbar turare ya kai wa wanta, Kolo, masunci a Guri, in yana raye. Ta kuma raɗa masa wani saƙo, ta ce kada ya faɗa wa kowa sai shi.

Gwadabe ya dawo da takardar shaida, daga baya ya gama Kaduna, En'e ta danƙa masa injinan ruwan gari, aikin da ya riƙe har tsufansa. Amma kwana uku kacal da saukarsa ya kama hanyar Guri, rabin tafiyar a kwalekwale, don ruwa bai gama janyewa ba. Ya sami Kolo zaune a ƙofar gida yana ɗinkin koma, tsoho tukuf. Ya gaishe shi, ya ce daga wurin Mairam yake.

Kolo bai ko ɗago ba. "Mairam an daɗe da yi mata sadaka, yaro."

"Baba, ta ce in gaya muku, komarku sabuwa da ta ɓata shekarar da suka tafi, ba sata aka yi ba. Ita ta ara wa mijinta, komar ta yage, suka binne ta a bayan rumbu."

Kolo ya ajiye allura. Sai ya zabura ya miƙe.

"Na faɗa! Wallahi na faɗa! Shekara talatin ina cewa ita ce! Uwa, fito ki ji, 'yar nema tana nan da ranta!"

Matarsa Uwa ta fito da gudu, maƙwabta suka cika ƙofar gida. Kolo yana dariya yana share hawaye, ya shafa turaren a riga, a hula, har a kan komar. Ya ja Gwadabe ya zaunar da shi kan tabarma, ya ce ba inda za shi sai an rubuta amsa. Aka kawo tawada da takarda. Duk wanda ya zo sai ya ce a sa sunansa, da na 'ya'yansa, da wanda ya auri wa. Sai da Gwadabe ya cika takarda huɗu gaba da baya kafin Kolo ya yarda a kawo masa ruwan sha.