Faifan da Baba Yake Gwaji da Shi

Ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan babbar Sallah, ina aji biyar, na kai wa Baba abincin rana daga unguwarmu Treichville zuwa rumfarsa ta kasuwar Black Market a Adjamé, sai na tarar an shafa wa ƙofar jan fenti. Kowa a kasuwar ya san ma'anarsa, rusawa za a yi. Baba ya karɓi kwanon acekensa, wato dambun rogo, ya sa ni goge ƙurar na'urorin DVD da yake sayarwa kamar yadda na saba.

A rumfar akwai wani faifan fim na Rasha da ya shigo cikin kwali bisa kuskure. Babu mai so, ko Faransancin da ake ji a garin babu a jikinsa, shi ya sa Baba ya mai da shi faifan gwaji: duk wanda zai sayi na'ura a saka masa, ya ga tana aiki, a cire. Ni da ƙanwata Hadiza mun haddace farkonsa tsaf. Ƙaramin gari ne cikin ƙanƙara, da wani tsoho mai shagon burodi yana yawo ofis-ofis da takardunsa, da magajin gari mai ƙaton tumbi da ya sa wa shagon ido. Baba bai san ko "sannu" da Rashanci ba, amma shi ke fassara mana, har da maƙe murya. In ya ce tsohon zai ji "dawo gobe", sai mu ga an rufe masa taga. Muna dariya har da riƙe ciki, muna ganin Baba gwani ne. Ba mu san daga ina ya samo gwanintar ba.

Kullum kafin ƙarshe yake kashewa. In muka yi naci sai ya ce, "Ai alƙali ya ba tsohon gaskiyarsa. Mai takarda ba ya faɗuwa."

Shi ma yana da takardunsa cikin leda. Wata biyu yana jigila da su, har takalminsa ya tsinke. Aka ce wani mai faɗa-a-ji ne ke son layin rumfunan, ba mu taɓa ganin fuskarsa ba. Katafila ta zo da hantsi. Baba bai sake riƙe rumfa ba har ya rasu, kuma har yau ban huce ba.

Bayan rasuwar na tsinci faifan cikin ledar takardun, na kalla har ƙarshe. An kori tsohon, magajin gari yana yanka ƙyalle ana tafi. Na ce wa Inna, ashe Baba bai san ƙarshen ba.

"Ya sani, Rabi," in ji ta. "Tun ranar da aka shafa fentin ya kalla."

Yanzu dogon bene ne a wurin, 'ya'yana kuma a waya suke kallon fim da fassararsa a rubuce. Ba mai iya ɓoye musu ƙarshe. Ni dai na fi son na Baba.