Ranar da Na Raka Kawu Bitar Hannun Jari

Shekarar da Kawu ya yi ritaya daga aikin malamin gona, ita ce shekarar da zancen hannun jari ya cika gari. Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Rano. A ofishin malamai an gaji da musun siyasa da na shari'a, kowa sai labarin wane ya sayi hannun jarin banki, kuɗinsa ya ninka. In na tambaya wane ne wanen, sai a ce abokin wani ne a Kano. Ban taɓa ganinsa da idona ba.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, a Kibiya yake zaune. Mutum ne mai taka-tsantsan. Manoman Tarai da Nariya sun san ba ya yarda a cika gona da sabon iri sai an gwada shi a kunya biyu tukuna. Shi ya sa na yi mamaki ranar da ya zo gidana a kan babur, muka gaisa, ya zaro wata takarda mai sheƙi daga aljihu ya miƙo min. Sanarwar bita ce ta yini ɗaya, za a koya wa masu farawa sirrin kasuwar hannun jari. An rubuta da manyan baƙaƙe cewa jarin halal ne. A can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, kuɗin shiga.

Na ce, "Kawu, wanda ya san hanyar arziki, me zai kawo shi Rano yana sayar da tikiti?"

Ya ce, "Ke dai kin cika zargi, tun kina ƙarama. Garatutina ya fito, ba na so ya narke a hannuna ina kallo. Na riga na biya mana mu biyu. Kunnenki ya fi nawa saurin kama Turanci, ki zo ki ji min."

Ba a yi wa Kawu musu sau biyu. Ranar Asabar da hantsi muka tafi.

Ɗakin taron wata makaranta aka kama haya. Maza a dama, mu mata a hagu, ba mu fi cikin benci uku ba. Mai koyarwar ya zo daga Kano cikin farar shadda, waya biyu a hannu. Ya buɗe da doguwar addu'a har wasu dattawa suka gyara zama, hankalinsu ya kwanta. Aka tada janareta, majigi ya haska bango, sai ga koren layi yana ta hawa sama. Duk hoton da ya nuna, layin hawa yake yi.

Ba zan zalunce shi ba, ya faɗi wasu abubuwa na gaskiya. Ya ce mai hannun jari yana da ɗan rabo ne a cikin kamfani, in an ci riba a raba da shi. Ya ce Musulmi ya guji kamfanin giya. Amma da wani dattijo Bafulatani, wanda na ji an ce bijimi ya sayar don wannan harka, ya tambaya ko ribar banki ba daga kuɗin ruwa take fitowa ba, sai ya yi murmushi ya ce malamai sun yi saɓani, ya danna hoto na gaba.

Kawu ya ɗaga hannu. "Malam, na ga yadda yake hawa. In ya faɗo fa?"

"Alhaji, tambayarka ta masu ilimi ce. Sanin lokacin saye da lokacin sayarwa, wannan darasin aji na biyu ne, a Kano muke yin sa. Akwai fom a bakin ƙofa."

Daga nan aka ce waɗanda suka amfana su tashi su ba da shaida. Wata mata a bencin gabana ta miƙe, ta ce ita daga Yalwa take, da kuɗin ƙuli-ƙuli ta fara, yanzu har ta sayi fili. Aka yi ta kabbara. Ni kuwa sai na tsaya kallon hannunta. Mahaifiyata 'yar Yalwa ce, a can nake hutu tun ina yarinya, na kuma san yadda hannun mai tuyar ƙuli yake. Nata bai yi kama da shi ba.

Da aka tashi sallar azahar, muka haɗu wajen alwala. Na miƙa mata buta na ce, "Hajiya, ashe 'yar gida ce. Gidan wa a Yalwa?"

Ta ce, "Can wajen masallaci."

"Wane daga ciki?"

Ta ci gaba da wanke ƙafa. "Aure ne ya kai ni, ban daɗe ba."

Na ambaci mai unguwar da ya rasu tun ban yi aure ba, na ce yaya jikinsa. Ta ce da sauƙi, jiya ma ta gan shi. Ban ƙara cewa komai ba. Bayan sallah na hango ta a bayan ɗakin taron, direban mai koyarwar yana buɗe mata but ɗin motarsu ta ɗauki jakarta.

Da yamma aka raba fom iri biyu: na aji na biyu, da na waɗanda suke so a saya musu hannun jarin kai tsaye, su ba da kuɗi a kawo musu takardar shaida daga baya. Na ga hedimastanmu a layi yana cikewa. Na tsallaka ɓangaren maza, abin da ba a saba ba, na ja hannun rigar Kawu muka fito waje, na faɗa masa abin da na gani.

Ya daɗe yana juya makullin babur a hannunsa. Sannan ya ce, "Ko da matar ta ƙarya ce, kasuwar ai ba ƙarya ba ce."

"Kawu, in kayansa na da kyau, me ya sa ya yi hayar baki?"

Bai koma ciki ba. Hedimasta kuwa na yi masa magana ranar Litinin, ya ce mata ba su san harkar kuɗi ba.

Bayan sati biyu Kawu ya je Kano wajen wani tsohon abokin aikinsa da ya daɗe yana sayen hannun jari. Ya ce min suna zaune a kan tabarma suna shan fura mutumin ya yi masa bayanin duk abin da muka yini muna ji, ya ƙara da abin da ba a faɗa mana ba: farashi yana faɗuwa, wani lokaci ya ƙi tashi, kuma kada ya sa abin da in ya ɓace zai hana shi barci. Ya kai shi wajen dillali mai rajista. Kawu ya sa kaɗan, sauran ya sayi shanun kiwo ya gyara rufin gida.

Da farko abin ya hau. Duk zuwan da zan yi Kibiya sai ya tsokane ni, ya ce ga mai zargi ta zo gaida masu jari. Ba zan ɓoye ba, na ji haushi, har na fara tunanin ko ni ce wawiya. Ina cikin shawarar in sa nawa kasuwar ta rushe. A rediyo muka fara ji, sannan a fuskokin mutane.

Hedimastanmu bai taɓa ganin takardar shaidarsa ba. Wayoyin mai koyarwar duka biyu a kashe, ofishin da ke jikin fom ɗin kuma ya je ya tarar ana ɗinki a ciki. Wata guda ba ya shiga ofishin malamai in ina nan. Ban ji daɗin hakan ba ko kaɗan, don mutumin kirki ne, 'ya'yansa kuma a ajina suke.

Takardar Kawu ta gaske ce, tana nan cikin akwatinsa, sai dai darajarta ta zube. Wata rana aka aiko masa da takardar ribar shekara, ya kawo min in karanta masa don ya manta tabarau. Na karanta. Ya sa na maimaita. Sannan ya tambaye ni nawa ne kuɗin mota zuwa Kano yanzu, na faɗa masa. Ribar ba ta kai kuɗin motar ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce in zubo masa abinci, zai wuce Tarai duba shanu kafin la'asar.